A daina wasa da shan ruwa, ƙodarmu na ji a jikinta

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da duk ma'aikatan wannan jarida, dan Allah a ɗan ba ni fili in yi magana kan wani abu da na san wasu za su ce ai wannan bai kai a rubuto wasiƙa a kansa ba, wato shan ruwa. Eh, ruwa dai da ka sani, na randa da na leda da na famfo. Ni dai abin ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya, kuma ga bazara ta kawo jiki, gara a yi maganar yanzu tun kafin rana ta fara kayar da mutane.

Ina da ɗan ƙaramin kemis kusa da wata tasha a nan Kano, yawancin masu zuwa wajena 'yan adaidaita ne da 'yan dako da leburorin gini da masu tura kura da kuma mata masu sayar da abinci a bakin tashar. Daga ƙarfe 2 na rana zuwa la'asar, musamman daga watan Maris zuwa Mayu, kusan magana ɗaya ce a bakin kowa: kaina kamar zai tsage, jiri nake ji, jikina ya mutu, bayana ya riƙe, a ba ni na maleriya, a ba ni na taifot, ko kuma a ce a haɗa min na gajiya. Na mayar da shi ɗabi'a kafin in taɓa kowane kwali sai na tambayi mutum, malam tun da gari ya waye ruwa nawa ka sha? Wallahi Malam Edita amsar da ake ba ni ita ke tayar min da hankali. Wani ya ce shayi ya sha da safe sai leda ɗaya da ya kora abinci da ita. Wani sai ya tsaya yana tunani ma, can ya ce ai da alwalar azahar ya ɗan kurɓa. In ka ce to fitsari fa, sau nawa ka zaga? Sai ya ce sau ɗaya tun asuba, kuma ɗan kaɗan ne ya fito ja wur kamar ruwan shayin da ba a sa wa madara ba. Mutumin nan fa tun ƙarfe 7 yake cikin rana yana sauke buhuna, rigarsa ta jiƙe ta bushe ta sake jiƙewa har gishiri ya yi mata zane fari a gadon baya. Irin wannan sai in ce ya zauna a benci a inuwa, ya sha leda biyu a hankali, ya huta tukuna. Da yawa kafin su tashi kan ya lafa. Wanda ke da zazzaɓi kuma ko bai ji sauƙi ba in ce ya je a yi mai gwaji, don ba cewa nake duk ciwon kai ƙishirwa ba ce, maleriya gaskiya ce kuma tana kisa. Abin da nake cewa shi ne muna narka kuɗi a magani kan abin da jiki ruwa kawai yake roƙo.

Mu duba yadda Allah ya gina jikin nan. Babban mutum kusan kashi 60 cikin 100 na nauyinsa ruwa ne, jariri ma ya fi haka, ya kai wajen kashi 75. Jinin da ke zagayawa, yawun baki, ruwan da ke narka abinci, danshin gaɓoɓi, duk ruwa ne. Ƙodojin nan guda biyu da kowacce ba ta wuce dunƙulen hannu ba, a kwana ɗaya suna tace ruwan jini wajen lita 180, su mayar da kusan duka cikin jiki, su fitar da lita ɗaya zuwa biyu a matsayin fitsari tare da dattin da jiki ba ya so. To in ruwa ya yi ƙaranci dole ƙoda ta matse, ta cusa dattin nan cikin ɗan ruwa kaɗan, shi ya sa fitsarin ke yin ja da wari da zafi. Shi kuma jini ya ragu, zuciya ta ƙara gudu don ta kai shi ko'ina, in ka miƙe tsaye ka ji duhu-duhu a ido. Hanji ma ya tsotse ɗan ruwan da ke cikin bayan gida, sai ka ji mutum yana kukan bushewar ciki, ya yi ta nishi a banɗaki, daga nan a ce basir ne a koma neman jiƙe-jiƙe.

Nawa ya kamata a sha? Hukumar kula da ingancin abinci ta Tarayyar Turai a 2010 ta ce namiji lita 2.5 mace lita 2 a rana, su kuma masana na Amurka a 2004 suka ce lita 3.7 ga namiji da 2.7 ga mace, duka lissafin ya haɗa da ruwan da ke cikin abinci, wanda ke ba da wajen kashi ɗaya cikin biyar. Amma ka tuna waɗannan ƙasashe ne masu sanyi, ba Sakkwato ko Maiduguri ko Yola ba inda zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu. A lissafinmu na nan gida ledar fiya wata ɗaya rabin lita ce, ka ga mai zaman ofis ko shago ko uwargida a cikin gida leda huɗu zuwa shida ba ta yi yawa ba. Mai aikin ƙarfi a rana kuwa nasa daban ne sam, don gumi kaɗai na iya fitar masa da lita guda ko fiye a awa ɗaya, shi ya sa masana lafiyar ma'aikata ke cewa ya riƙa shan kofi guda duk bayan minti 15 zuwa 20, ko yana jin ƙishi ko ba ya ji. Amma ni abin da na fi gaya wa mutane shi ne su bar lissafi su duba fitsarinsu. In ya fito garau da ɗan rawaya-rawaya kaɗan to lafiya lau, in ya yi duhu a ƙara ruwa. Sai dai wanda ke shan maganin ƙarin jini mai bitamin B ko maganin tarin fuka, su waɗannan suna sauya launin fitsari da kansu.

Inda abin ya fi ba ni tsoro shi ne haɗuwar ƙarancin ruwa da maganin kashe ciwo. Matasanmu sun mayar da diclofenac da ibuprofen tamkar abincin dare, an tashi daga aiki jiki ya yi tsami sai a watsa biyu ko uku, wani ma ya kora da lemon ƙara kuzari, gobe da safe a sake kafin a fita. Irin waɗannan magunguna suna rage jinin da ke shiga ƙoda, in jiki na da ruwa isasshe sau da yawa ƙodar na jurewa, amma a jikin da ya wuni yana tsiyayar gumi babu ruwa, wallahi ƙoda na iya tsayawa cak. Kuma ita ƙoda ba ta ihu, ba ta ciwo da wuri, sai ta ci rabi ko fiye sannan ƙafa ta fara kumbura, fuska ta yi suntum da safe, a tafi asibiti a ce sai wankin ƙoda.

Duk wanda ya san Gashuwa a jihar Yobe da yankin Haɗeja a Jigawa ya san yadda ciwon ƙoda ya addabi mutanen wajen, har gwamnatin Yobe ta nemo masana na gida da na waje suna bincike a kai. Manyan abubuwan da ke kashe ƙoda a ko'ina hawan jini ne da ciwon suga, wannan ba a musu, kuma ba zan ce ruwa kaɗai zai raba mu da cutar ba. Amma ya kamata mu san abin da ya faru a Nikaraguwa da El Salbado, inda dubban matasa masu saran rake suka mutu da ciwon ƙoda alhali ba su da suga ba su da hawan jini, masu bincike suka fi zargin aikin ƙarfi cikin tsananin zafi da bushewar jiki yau da gobe. Da aka zo aka tsara musu abu uku a wata babbar gonar rake, ruwa a kusa da hutu a kan lokaci da rumfar inuwa, sai raunin ƙoda a tsakaninsu ya ragu sosai. To don Allah me ya raba mai saran rake na can da manomin shinkafa na Kura ko Auyo, ko mai buga bulo, ko mai faskare, ko ɗan garuwan da ke tura jarka goma sha biyu yana raba wa gidaje ruwa shi kuma maƙogwaronsa a bushe? Asibitin Malam Aminu Kano tun 2002 ya fara dashen ƙoda, Alhamdulillah, amma talaka nawa ne zai iya? Ko wankin ma, a 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da rage kuɗinsa daga naira 50,000 zuwa 12,000 a wasu asibitocinta, an gode, amma sau biyu ko uku ake yi a sati kuma ba ranar dainawa, mun ga gidajen da aka sayar da gona da fili da dabbobi a kan haka.

Akwai kuma tsakuwar ƙoda, wadda duk wanda ya taɓa yi zai gaya maka ciwonta ba a kwatanta shi. A Italiya an bi wasu masu wannan matsala tsawon shekara 5, aka fitar da sakamakon a 1996, waɗanda aka sa su yawan shan ruwa kashi 12 cikin 100 ne tsakuwar ta dawo musu, waɗanda aka bari yadda suka saba kuwa kashi 27. Haka a 2018 aka fitar da wani binciken da aka yi a Bulgeriya kan mata 140 masu yawan fama da ciwon mafitsara, rabinsu aka ƙara musu lita ɗaya da rabi a kullum, cikin shekara guda yawan tashin ciwon ya ragu musu da kusan rabi. Lita ɗaya da rabi fa leda uku ke nan. Ka dubi yadda matanmu ke yawon neman maganin sanyi, daga allura sai kwaya sai na gargajiya, kuɗi na ta tafiya.

To a nan ne nake so ka tsaya da ni Malam Edita, don nan ne gundarin maganar. Da yawan mutanenmu ba wai mantawa suke yi da ruwa ba, ƙin sha suke yi da gangan. Dalili kuwa fitsari. Wata baiwar Allah mai sayar da shinkafa da wake a bakin tasharmu, dattijuwa ce ta haife ni, ta zo tana kukan zafin fitsari da ciwon mara, na ce Hajiya ki daure ki riƙa shan ruwa da yawa, sai ta kalle ni ta ce ɗan nan in na sha ina zan zaga? Banɗakin tashar na kuɗi ne, ga ƙazanta, ga maza cike a ƙofar, ita kuma ba ta da mai tsare mata tukunya. Saboda haka tun safe take ɗaure bakinta sai ta koma gida bayan isha. Ga ta a gaban murhu, wuta ta ƙasa rana ta sama. Na rasa abin da zan ce mata, domin shawarar da na ba ta ba ta da wurin zama a rayuwarta. Namiji ko banza ya ɗauki buta ya sami lungu ko jikin katanga ya tsuguna, mace fa? 'Yan mata a makarantu haka suke wuni ba su sha ba saboda banɗakin makaranta ba ya shiguwa ko babu shi ma gaba ɗaya. Mace za ta yi tafiya daga Kano zuwa Abuja ko Legas, tun daren jiya ta daina shan ruwa don kar ta ce direba ya tsaya a yi ta kallonta, ga hanya ba tsaro ba kowane daji ake tsayawa ba. Direban kansa ba ya sha don kar ya ɓata lokaci. Ɗan adaidaita yana tsoron ya ajiye mashin ya dawo ya tarar an ɗauke ko an yi masa tara. Mai jiran layi a asibiti ko banki ba ya so layinsa ya wuce. Tsofaffi kuma suna gudun tashin dare. Har da masu cewa ba sa son alwalarsu ta karye, a riƙe ta tun azahar har isha, alhali malamanmu sun karantar da mu cewa ba a so mutum ya tsaya sallah yana matse da fitsari, sake alwala kuma lada ne.

Binciken da gwamnatin tarayya ta yi tare da UNICEF a 2021 kan ruwa da tsafta ya nuna kashi 11 cikin 100 ne kawai na makarantun ƙasar nan ke da ruwa da banɗaki da wurin wanke hannu a haɗe, kasuwanni da tashoshin mota kuwa kashi 4. Ka ga ashe in likita ya hau rediyo ya ce a sha ruwa, rabin magana ya faɗa. Ragowar rabin na wuyan shugabannin kasuwa da na tasha da ƙananan hukumomi, waɗanda kullum suna yankar rasit suna karɓar kuɗin shiga. Jigawa ta zama jiha ta farko da aka ayyana ta daina bahaya a fili a 2022, wannan ya nuna in an sa kai ana iyawa. Ga kuma tsada, ledar da muka saba saya naira biyar ta ninka ta sake ninkawa, lebura in zai sha abin da jikinsa ke buƙata a wunin bazara sai ya taɓa kuɗin cefane, sai ya zaɓi ya haƙura. Da can kusan kowace ƙofar gida da masallaci za ka ga randa an binne gindinta a yashi, an rufe da faifai ga moɗa a kai, mai wucewa ya sha ya yi addu'a ya tafi. Yanzu a unguwanni da yawa sai ka yi tafiya mai nisa ba ka ga ko ɗaya ba.

Azumi kuma a 'yan shekarun nan yana faɗowa ne a bakin zafi ko tsakiyarsa. A farkon Afrilun 2024, ana cikin Ramadan, zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali, asibitin Gabriel Toure na Bamako ya ba da rahoton mutuwar mutum 102 a kwana huɗun farko na watan, yawancinsu tsofaffi. A Hajjin 2024 ɗin ma sama da alhazai 1,300 suka rasu, zafi ya haura digiri 51 a Makka. Allah ya jiƙansu. Mu a nan in an sha ruwa abin da muke yi shi ne a ɗaga jug na ƙanƙara ko zoɓo mai suga a ɗura har ciki ya ɗauka, a kasa cin abinci, daga nan kuma shi ke nan sai sahur a sake ɗurawa a gurguje ana jin kiran assalatu. Jiki ba ya ajiye ruwan da aka zuba masa lokaci ɗaya, fitar da shi zai yi. Abin da ya fi shi ne a rarraba, kofi ɗaya ko biyu da buɗa-baki, bayan magariba a ƙara, a tafi tarawi da gora, kafin barci a sha, da sahur a sha a nutse, a haɗa da kankana da gurji da lemo da kunu da fura mai ruwa-ruwa, a rage yaji da gishiri da soye-soye da sahur. Masu ba da aikin gini da na gona su ji tsoron Allah su mayar da aikin ƙarfi sassafe ko bayan la'asar. Mai ciwon ƙoda da mai suga da mai ciki kuma su tambayi likita su tambayi malami tun kafin a ga wata.

In kuwa aka ga mutum ya yanke jiki ya faɗi a rana, jikinsa ya yi zafi rau, yana sambatu ko bai san inda yake ba, dan Allah kar a tsaya ana cewa iska ce ko a taru a kansa ana kallo. A kai shi inuwa, a sassauta masa kaya, a yi ta kwara masa ruwa a jiki ana fifita, a nemi abin hawa zuwa asibiti. Wanda ba ya cikin hayyacinsa ba a ɗura masa ruwa a baki, zai iya shaƙewa.

Tsofaffinmu sai an sa musu ido, domin in shekaru suka ja jin ƙishirwa na raguwa, Baba zai ce maka shi ba ya jin ƙishi alhali leɓensa ya bushe. Kar a tambaye shi, a miƙa masa kawai, a ajiye masa kofi kusa da shimfiɗa, a fi ba shi da safe da rana don dare ya yi masa sauƙi. Masu amosanin jini, sikila, su ma iyayensu sun sani ƙarancin ruwa na daga cikin abin da ke tayar musu da ciwo, yaro mai sikila bai kamata ya tafi makaranta ba gora ba, kuma malami bai kamata ya hana shi fita fitsari ba. Mai shayarwa na buƙatar ƙarin wajen leda ɗaya da rabi a kan na kullum. Amma jariri da bai kai wata 6 ba, a nan maganar ta juya, shi ba a ba shi ruwa ko ana zafi kamar me, nonon uwa kusan kashi 88 cikin 100 ruwa ne, in zafi ya yi a ƙara ba shi nono, uwar ce za ta sha ruwan. Na san kakanni ba sa son jin wannan, sai su ce za a kashe musu jika da ƙishi, amma ruwan nan da ake ɗura wa jariri shi ke cika masa ciki ya rage shan nono, kuma ta nan gudawa ke shiga. In yaro ya kamu da gudawa, ido ya faɗa, maɗiga ta loɓa, yana kuka ba hawaye, ruwa ne ke ƙarewa a jikinsa kuma shi ke kisa ba gudawar kanta ba. A nemi ORS, wato garin haɗa ruwan gishiri da suga, a haɗa da maganin zinc na kwana 10 zuwa 14, in babu a kusa a sami ruwa mai tsafta lita ɗaya, wato leda biyu, a sa suga ƙaramin cokali 6 a shafe da gishiri rabin ƙaramin cokali, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan ana kan hanyar asibiti.

Lemon kwalba ba ya maye gurbin ruwa. Robar rabin lita ɗaya na ɗauke da suga sama da ƙaramin cokali 10, kusan duk abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kar babba ya wuce a wuni. Amma yanzu baƙo in ka kawo masa ruwa zalla sai a ga kamar ka raina shi, yara kuma an saba musu da zaƙi har ruwa ba ya musu daɗi.

Sannan ruwan ya zama mai tsafta, kar garin gyaran gira a rasa ido. Ba mu manta da kwalarar 2021 ba, mutum sama da 100,000 aka yi zargin sun kamu a Najeriya, sama da 3,500 suka rasu, kuma jihohinmu na Bauchi da Kano da Jigawa da Zamfara na cikin waɗanda suka fi ji a jika. Alif yana kwantar da laka ne kawai ba ya kashe ƙwayar cuta, ruwan rijiya ko na garuwa da ba ka yarda da shi ba a tafasa ko a sa maganin tsaftace ruwa, randa a riƙa wanke ta a rufe, moɗar ɗiba daban kofin sha daban, ledar ruwa a duba lambar NAFDAC kuma a daina shanya ta a rana.

Kuma kar a ce na ce a yi ta ɗurawa ba kai ba gindi. Saƙonnin nan da ke yawo a WhatsApp wai ka sha kofi kaza da asuba kafin ka wanke baki zai warkar da ciwon daji da suga da hawan jini, ƙarya ce, kar wanda ya ajiye maganinsa saboda su. Ruwa in ya yi yawa a lokaci ɗaya yana tsinka gishirin jini har ya yi illa, ko mai aiki a rana ba a so ya wuce leda uku a awa guda. Wanda likita ya ƙayyade wa ruwa saboda ciwon zuciya ko ƙodar da ta riga ta gaza ya bi maganar likitansa ba tawa ba. Wanda kuma yake sha ba ya ƙoshi, yana ta fitsari dare da rana yana ramewa, ya je a auna masa suga.

Roƙona gare ka Malam Edita, ka tura wakilanku su zaga kasuwannin Kwari da Sabon Gari da Dawanau da manyan tashoshin mota da makarantun 'yan mata na gwamnati, su ƙirga banɗakin mata nawa ne ke aiki, nawa ake biya, akwai ruwa a ciki ko babu, su tambayi matan da ke wuni a wurin sau nawa suke shan ruwa, ku buga mana da hotuna. Ku tambayi ƙungiyoyin direbobi da na 'yan adaidaita da na 'yan kasuwa ina kuɗin da ake karɓa kullum yake tafiya da har tankin ruwan sha da banɗaki mai tsafta ya gagara. 'Yan kwangila a sa musu sharaɗin ajiye ruwa da rumfa a wurin aiki. In hukumar hasashen yanayi, NiMet, ta fitar da gargaɗin zafi ku sa shi a shafin farko da Hausar da kowa zai gane, gidajen rediyo su maimaita, limamai su faɗa a huɗuba. Masu hali da ke neman sadaka mai gudana kuma ga wuri nan, randa ko tanki a ƙofar gida da banɗakin mata a kasuwa. 'Yan uwana masu kemis su ma ina roƙonsu, kafin a miƙa wa lebura maganin kashe ciwo a tambaye shi ruwa nawa ya sha yau.

Na gode da wannan fili, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka. Wassalam.

Naku,
Mai ƙaramin kemis a bakin tasha, Kano